Waya a Bangon Habsatu

Habsatu ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce babba, sunana Balkisa. A Tabla aka haife mu, a gidan Magagi manomin hatsi da matarsa Dijatu. Yau idan ka sauka a tashar Filinge ka tambayi gidan kurma mai kitso, ko mai goron bakin hanya zai nuna maka lungun.

Ba kurma aka haife ta ba. Tana ƙarama har Inna kan ce surutunta ya ishe ta. Tana wajen shekara huɗu sanƙarau ya shigo garinmu da bazara, ya kwashe yara da dama, ita ma ya kwantar da ita. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, amma kunnuwan ba su tashi tare da ita ba. Da farko tana magana, sai dai ba ta amsa kira. A hankali kalmomin suka riƙa zubewa daga bakinta, har ya zama ba abin da ya rage sai "Inna" da wani sauti da take kirana da shi.

Ba wanda ya koya mana maganar hannu. A tsakar gida muka ƙirƙiro tamu, ni da ita da Inna, wajen daka da wajen rijiya. Kowa da alamarsa. Inna yatsa biyu ce a kan kumatu, saboda tsagen fuskarta. Ni kuwa sai ta taɓa haƙoranta na gaba, don wushiryata. Muna da alamar ruwa, da ta hatsi, da ta ƙarya, da ta mutumin da ya cika rowa. Kafin ta kai shekara goma ba labarin da ba ma iya yi, har gulma.

Baba ne kawai aka bari a baya. Yana son Habsatu ƙwarai, ba ya dawowa daga kasuwa bai riƙo mata wani abu ba, amma abin da ya iya da hannu bai wuce "zo", "tafi" da "ci" ba. In yana da magana da ita sai ya kira ni.

"Balki, gaya ma ƙanwarki ta rage zuwa rijiya da rana tsaka."

Inna ta sha ce masa ya koya. Sai ya dubi tafukansa ya ce, "Wanga hannu na hauya ne, Dijatu. Ba ya iya wannan aikin."

Ni aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, ita ba a sa ta ba, don babu malamin da zai iya da ita. Wajen gwaggonmu ta koyi kitso. Idonta ba ya mantuwa. In ta ga wani salo a kan baƙuwa ranar kasuwa, kafin mako ya zagayo ta yi shi a kaina, har ta ƙara masa nata.

Mijinta Kailu magini ne, ɗan Filinge. Ya zo Tabla ginin ajin lakwal, ya riƙa ganinta tana wucewa da tulu. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Sai da ya yi wata biyu yana tare ni a hanya yana tambayar yadda ake cewa kaza da hannu, kafin ya yarda ya tsaya a gabanta. Ranar da ya faɗi abin da ke ransa, Habsatu ta dube shi daga sama har ƙasa, ta juyo ta ce da ni in tambaye shi ko matan Filinge ne suka ishe shi da surutu. Ya yi dariya har ya dafa bango. Ita da kanta ta ce tana so, aka ɗaura aure, aka kai ta Filinge. Ba a jima ba ni ma na yi aure, aka tura ni koyarwa a Damana, ƙasar Tondikandiya.

A shekarun nan ne ƙananan wayoyi suka cika ko'ina. Kowa ya ji daɗi. Tsoho a ƙauye ya ji muryar ɗansa daga Abijan, mata suna gaisawa ba sai an yi tafiya ba. Habsatu kaɗai abin bai yi wa rana ba. Kailu ya saya mata ɗaya, ta juya ta, ta juya ta, ta ajiye a cikin kwano. In na kira sai wata maƙwabciyarta mai suna Bintu ta ɗauka, ta faɗa mata abin da na ce da ɗan abin da ta iya na alama, sannan ta maido mini da amsa. Bintu mutuniyar kirki ce, Allah ya saka mata, amma bakinta ba ya riƙe magana, kuma Habsatu ta san haka. Saboda haka hirarmu ba ta wuce lafiya lau, ya gida, ya aiki. Bintu ta taɓa gaya mini cewa wani lokaci Habsatu kan karɓi wayar ina cikin magana, ta manna ta a ƙashin wuyanta don ta ji motsin muryata.

Kowace shekara bayan girbi Kailu yakan tafi ci-rani Abijan, sai damina ta kusa ya dawo. Sau biyu Habsatu tana samun ciki yana zubewa. Na biyun ya faru Kailu ba ya nan. A makon na kira, Bintu ta ce, "Ta ce a gaya miki lahiya lau take." Sai da na zo hutu na tarar da ita ta rame, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, sannan ta ba ni labari. Na ce me ya hana ki sa a gaya mana? Ta ce wannan ba maganar da ake bai wa maƙwabciya ta ɗauka ba ce. Ita kaɗai ta yi jinyar kanta, mu muna can muna cewa alhamdu lillahi tana lafiya.

Kailu ya dawo ya ji abin da ya faru. Da ya sake tafiya ya dawo, sai ga shi da babbar waya, irin mai gilashi da ake shafawa. Ya tashi kai wayar wurin Isma'ila, wani dattijo mai gyaran waya da ke da rumfa kusa da kasuwa. Habsatu ta ce sai ta bi shi, tunda wayar tata ce. Isma'ila ya sa mata Watsap, ya nuna mata inda ake dannawa a ga mutum. Da ya gane ba ta jin ƙara sai ya shiga bincike, can ya samo wurin da ake sa fitilar bayan waya ta riƙa walƙiya in an kira. Ya ce wa Kailu, "Kira ta mu gani." Fitila ta yi wal-wal a rumfa, Habsatu ta zabura, sannan ta tafa hannu.

A lokacin ni ma ina da irin wayar. A Damana rezo, wato sabis na waya, ba ya kamawa sosai sai a bayan lakwal, kusa da wata bishiyar aduwa. Kailu ya kira ni da safe ya ce in an tashi yara in je can in tsaya. Na je, rana tana dukana, ban san abin da ake shiryawa ba. Waya ta yi ƙara, na danna, sai ga fuskar ƙanwata ta cika gilashin. Ta taɓa haƙoranta na gaba, wato ta kira sunana. Abin da ta fara gaya mini shi ne kitson kaina ya tsufa, wa ya yi mini wannan aika-aika? Ina dariya ina share hawaye da bakin gyale, masu wucewa da jakuna suna kallona.

Nan da nan muka ga matsala. Maganarmu ta hannu biyu ce, ga shi hannu ɗaya yana riƙe da waya. In ta jingina ta da tukunya sai ta zame, in ta ba wani ya riƙe an koma gidan jiya. Kailu ya duba ya duba, washegari ya kwaɓa siminti. A bangon rumfar da take kitso, daidai tsayin fuskarta in tana zaune, ya fafe wani ɗan gurbi, ya yi masa baki yadda waya za ta tsaya ba ta faɗi ba. Ya zaɓi ɓangaren da haske ke faɗo mata a fuska. Ni kuma a Damana na samu wani reshe a jikin aduwar nan, nake maƙala tawa.

Daga nan Habsatu ta karɓi ragamar wayarta. Ba ta iya karatu ba, don haka sunaye a rubuce ba su da amfani a wurinta. Duk wanda zai ba ta lamba sai ta tsayar da shi, ta ba shi alama in ba shi da ita, ta ɗauke shi hoto yana yin alamar. Mai nama yana riƙe da kunnensa, saboda kullum hularsa a karkace take ta rufe kunne ɗaya. Unguwarzomar asibiti tana nuna tabarau. Isma'ila yana murza gemu. Manyan mutane da ba ka taɓa ganin haƙoransu ba, ga su a wayar Habsatu suna abin dariya, kuma ba wanda ya ƙi. Ta koma wurin Isma'ila ya nuna mata yadda ake canza irin girgizar da waya ke yi, ta ware wa Kailu tasa, ta ware mini tawa, yadda ko wayar tana ɗaure a bakin zane ta san mai kira. Ta kwashe duk abin da ba ta amfani da shi daga fuskar wayar, ta bar huɗu ko biyar, ta ƙara musu girma.

Da ta gano ana iya yanka hoto a mai da shi sitika, sai abin ya zama kamar an ba ta baki. Ta sa Kailu ya ɗauke ta tana yin alamominmu: na gode, ina zuwa, ban yarda ba, Allah ya sawwaƙe, ƙarya kike. Da su take amsa saƙo. Matan da take yi wa kitso suka kwafa suna tura wa junansu. Wata rana wata abokiyar aikina a Damana, Bazabarma da ba ta taɓa zuwa Filinge ba, ta turo mini fuskar Habsatu tana alamar "ƙarya kike". Na ce kin san wace ce wannan? Ta ce a'a, a wani gurup na Watsap ta samu. Da na gaya wa Habsatu ta ce to, ta yi suna ke nan, a gaishe ta.

Sana'arta ma ta buɗe. Duk kan da ta gama sai ta ɗauke shi ta baya, ba fuska, ta ɗora inda kowa zai gani. Mace ta ga wanda ya yi mata, ta turo hoton, Habsatu ta amsa da hoton rana a inda take so a zo: rana ta ɗago, ko rana tsaka, ko ta karkata. Amare har daga garin Bankuku suka fara zuwa. Bintu ba ta ji haushi ba da aikin tafinta ya ƙare. Ta ce dama kanta yana ciwo.

Ni da Kailu muka haɗa hannu muka saya wa Inna tata wayar. Ita ba ta da gurbi a bango. Ƙwarya take cikawa da hatsi ta soka wayar a ciki, ta zauna a gabanta ta miƙe ƙafa. In rezo ya yi rauni hoto yana tsayawa, sai kowace ta ɗauki ɗan bidiyo ta tura, ya isa lokacin da ya isa. Baba kan leƙo ta bayan Inna, ya ɗaga hannu, ya wuce gona.

Shekara biyu ana haka, Habsatu ta sake samun ciki. Wannan karon a ranar da ta tabbatar ta gaya mana, ni da Inna, ba wanda ya ji. Unguwarzoma ta ce saboda abin da ya faru a baya, ba ita ba doguwar tafiya, ba ita ba ɗaukar tulu. Kailu ya fasa ci-rani a shekarar.

Cikin yana da wata shida, ana tsakiyar noman farko, Baba ya faɗi a gona. Aka kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Hankalinsa garau, yana jin duk abin da ake faɗa, sai dai in ya buɗe baki abin da ke fitowa ba ya kama da magana. An yi hutun lakwal, na tattara na koma Tabla don in taimaki Inna.

Ban taɓa ganin Baba cikin baƙin ciki irin na kwanakin nan ba. Yana son ruwa mu kawo masa fura. Yana son a juya shi mu ɗauka fita yake so. Wata rana ya yi ta maimaita abu ɗaya, muka rasa ganewa, ya kai hannun hagu ya ture kwanon da ke gabansa, ya juya fuskarsa bango. Inna ta fita bayan ɗaki tana kuka.

Habsatu ta so ta zo. Kailu da unguwarzoma suka hana, ga damina ta ɓata hanya. Na gaya mata labarin kwanon, tana kallona ta cikin gilashi. Can ta ce, "Yaya, gobe da safe ki kai ni wurinsa."

Na ɗauki ƙwaryar Inna na ajiye kusa da tabarmarsa. Na ce, "Baba, ga Habsu tana gaishe ka." Ya dubi wayar. Ta gaishe shi, ta nuna masa alamar ruwa, ta ɗauki moɗa ta sha, ta sake nunawa. Ta nuna alamar ciwo. Baba ya rufe ido. Washegari ma haka. Rana ta uku ko kallon wayar bai yi ba.

Na ce mata ta haƙura, tsoho ne, abin ya yi masa yawa. Ta ce ita ta san abin da yake ji, ni ban sani ba. Ta ce ba koyon ne ba ya so ba, ba ya son a mai da shi yaro. Daga ranar ta daina koya masa komai. Sai ta kira da hantsi, ta sa wayar a gurbinta, ta ci gaba da kitsonta ko tankaɗe, shi kuma yana kwance yana ganin gilmawar mutane a gidan ɗiyarsa. In ta ɗago suka haɗa ido ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta.

A gefen tsakar gidanta Kailu ya shuka ɗan hatsi, bai fi taki goma ba. Wata safiya ta ciro wayar daga bango, ta taka a hankali zuwa wurin, ta haska wani tushe da zuciyarsa ta bushe alhali ganyen waje kore ne. Ta juyo da wayar fuskarta, ta buɗe tafin hannu, wato mene ne wannan? Sannan ta ɗauko bokiti kamar za ta ƙara masa ruwa.

Baba ya yi wani gurnani. Ya yunƙura har sai da na tallafe shi. Ya yi magana ba a gane ba, ya sake yi ba a gane ba. Sai ya ɗaga hannun hagu ya kaɗa yatsa, a'a. Ya lanƙwasa yatsan yana motsa shi kamar tsutsa, ya cusa shi cikin dunƙulallen hannunsa na dama da ke kwance a cinya. Sannan ya yi kamar yana tuge abu, ya jefar da nisa.

Habsatu ta ajiye bokiti. Ta kira Kailu ya tuge tushen, ya tsaga karan da wuƙa a gaban waya, sai ga tsutsa a ciki. Ta nuna wa Baba, ta jinjina masa hannu. Baba ya koma ya jingina, yana haki, amma gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

Inna da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Yau ga hannun hauya shina magana."

Na tambayi Habsatu daga baya ko da gaske ba ta san tsutsa ba ce. Ta ce ita ɗiyar manomi ce, in daina tambayar banza.

Tun daga ranar kullum da tambayar da za ta kawo masa. Yaushe za a yi maimai, wane kai ya kamata a ajiye na iri, ko hadarin da ya taso gabas zai zubar. Shi yana ƙirƙiro alamarsa, ita tana karɓa, a tsakani tana cusa masa namu na gida ba tare da ta ce koyo ake yi ba. Kafin hatsi ya fid da kai Baba yana iya cewa yana son ruwa, a juya shi, a fitar da shi inuwa, lokacin salla ya yi. Ashe abin da ya yi ta maimaitawa ranar da ya ture kwano, so yake a je a duba ko an ɗaure jakinsa a inuwa. Ya fara yi wa Inna tsiya da alamar rowa in ta rage masa sukari a koko. Wani lokaci in zo wucewa in same su shi da Habsatu suna dariya, in tambaya, su ce ba ruwana.

Ana fara girbi ta haihu a asibitin Filinge, mace, lafiya lau. Kailu ya kira, na kai wayar gaban Baba, aka nuna masa jaririya a naɗe cikin zane. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga tafinsa sama, ya shafa a fuska. Aka sa mata suna Ummul.

Da suka yi arba'in, hanya ta bushe, Kailu ya kawo su Tabla. Na samu izini na zo. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a ƙarƙashin rumfa, Habsatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗora masa jikarsa a cinya. Na matso don in taya su, Inna ta kama zanena.

"Bar su, Balki. Zo ki taya ni tuwo."

Daga madafa nake hango su. Sun fi ƙarfin sa'a suna magana, shi da hannu ɗaya, ita da biyu. Na ga lokacin da ya dafa ƙirjinsa ya sunkuyar da kai, na ga ta kama hannun ta girgiza kai tana hawaye. Ban tambaye ta abin da ya ce ba, ita ma ba ta faɗa ba. Mako biyu ta yi a gida. Baba ya ƙara kusan shekara a duniya, kuma ba ranar da ba su gaisa ba in dai akwai rezo. Ya rasu da kaka ta zagayo, Allah ya jiƙansa.

Ummul tana ji sarai. Abin da ya fara damun Habsatu shi ne yadda za ta san yarinyar tana kuka in ta kwantar da ita a ɗaki ita tana waje tana kitso. Ta je wurin Isma'ila ta kwatanta masa: ta rungume hannu kamar jariri, ta buɗe baki, ta nuna fitilar waya. Ya ce ta ba shi kwana biyu. Ya tambayi abokan sana'arsa na Yamai, ya samo wata manhaja da ke sauraron kukan jariri ta sa waya walƙiya da girgiza. Abin ya yi aiki, sai dai ba ya bambance Ummul da ɗan akuyar Bintu. Sau da yawa Habsatu kan saki kan mace a tsakiyar kitso ta ruga ɗaki, ta tarar da yarinya tana barcinta, ɗan akuya yana leƙe ta katanga. A ƙarshe Bintu ta mai da turken akuyar can bayan gida, aka samu lafiya.

Yanzu Ummul tana gudu ko'ina. Da ubanta tana magana da baki, da uwarta da hannu, in ta yi fushi ta haɗa duka biyun.

Kwanan baya wata mata ta zo daga wani ƙauye kusa da Bankuku, da ɗiyarta budurwa wadda ita ma ba ta ji. An kusa bikinta, za a kai ta nesa, uwar ta rasa abin da ke mata daɗi. A wurin wata amarya ta ji labarin Habsatu. Ina gidan a ranar. Habsatu ta sallami masu jiran kitso, ta zaunar da su a tabarma. Alamominsu ba irin namu ba ne, suka yi ta dariyar juna, wannan ta nuna nata ruwan waccan ta nuna nata. Ta karɓi wayar da angon ya saya, ta kunna fitila, ta ɗauki uwar hoto tana yin alamarta, ta nuna wa yarinyar yadda ake tura bidiyo in rezo ya ƙi. Ta ja uwar ta nuna mata gurbin bango, ta auna mata tsayinsa da kamu, ta ce a gaya wa angon ya nemi magini.

Matar ta rasa bakin godiya. Ta riƙe hannun Habsatu tana ta godiya irin ta Zabarmawa, "Fofo, fofo, Allah shi biya ki," ta manta ba a jinta. Habsatu ta gane. Ta zaunar da yarinyar a gabanta, ta warware mata kai, ta ce ba za ta bar gidan nan da wannan tsohon kitson ba.